Shimla ko Manali: kurakuran da masu zuwa hutu ke ta maimaitawa

Duk shekara tambayar ɗaya ce: Shimla ta fi ko Manali? Mai tambayar kuwa galibi ya riga ya yanke shawara tun da ya ga hoton dusar ƙanƙara a waya. Garuruwan biyu suna jihar Himachal Pradesh a arewacin Indiya, tsayinsu daga matakin teku ma kusan ɗaya ne, Shimla wajen mita 2,200, Manali wajen 2,050. Iyakar kamarsu ke nan.

Babban kuskure shi ne auna tafiyar dutse da kilomita. Mutum yana da kwana huɗu, ya buɗe taswira ya ga tsakanin garuruwan bai fi kilomita 250 ba, sai ya ce zai haɗa duka biyun. Wannan kilomita 250 ɗin awa bakwai zuwa takwas ce a mota, lanƙwasa bayan lanƙwasa, hawa da gangara, ga manyan motoci da ba ka da inda za ka wuce su. Yi lissafin da kanka. Daga birnin Delhi, inda za ka taso, zuwa Shimla wuni ɗaya, daga Shimla zuwa Manali wani wunin, daga Manali komawa Delhi fiye da kilomita 500, wato awa 12 zuwa 14 a bas ɗin dare. Me ya rage na hutun? Ka biya kuɗin otal biyu don ka kwana a kujerar mota, yara na amai, kowa ya dawo gida da ciwon baya. Ƙa'idar da nake bi ba ta da wuya: in kwanakin ba su kai biyar ba, Shimla kawai. In sun kai biyar ko shida, Manali kawai. Haɗa su sai mai kwana takwas zuwa sama, shi ma ya ware ranar da ke tsakani a matsayin ranar hanya, kada ya sa mata komai.

Wanda ke tare da tsofaffi ko mai saurin jiri a mota ma bai kamata ya tsaya dogon tunani ba. Shimla tana da jirgin ƙasa: daga Delhi zuwa Kalka kamar awa huɗu, sannan ƙaramin jirgin nan da aka buɗe layinsa a 1903, mai kilomita 96 da ramuka 102 cikin duwatsu, ya hau da kai a hankali cikin awa biyar zuwa shida. Manali ba ta da layin dogo. Filin jirgin saman da ya fi kusa da ita shi ne Bhuntar, kilomita 50, kuma gajimare kan sa a soke tashi.

Kuskure na biyu ya fi ban haushi, domin duba kalanda kaɗai zai hana shi. Mutane na zuwa a watan Mayu ko Yuni suna neman dusar ƙanƙara a bakin otal. Ba ta nan! A cikin garuruwan, lokacinta ƙarshen Disamba ne zuwa Fabrairu, a Shimla ma ba tabbas, ana iya yin mako guda ba ta sauka ba. Mai son ya taɓa ta a Yuni sai ya hau Rohtang, mashigar kan dutse mai tsayin mita 3,978, kilomita 51 daga Manali. Can ma akwai sharaɗi: sai da takardar izini da ake nema ta intanet, motocin da ake bari kowace rana ƙidayayyu ne, ranar Talata a rufe take, da hunturu kuwa dusar ce ke toshe ta gaba ɗaya. Ga wanda bai samu izini ba akwai ramin Atal, hanyar mota ta cikin dutse mai kilomita 9, da aka buɗe a 2020, wanda ke fitar da kai ƙauyen Sissu a kwarin Lahaul. Amma don Allah a daina sa Rohtang a rana ta farko. Jikin da ya taso daga Delhi jiya ba ya son a jefa shi kusan mita 4,000 yau. Ciwon kai da haki ne sakamakon. A kwana biyu a Manali tukuna.

Sai masu ganin otal ya yi araha a Yuli da Agusta su ce sun yi dabara. Arahar tana da dalili. Damina ce, ƙasa na zaftarewa ta rufe hanya. A Yulin 2023 kogin Beas ya cika ya cinye sassan babbar hanyar Manali, matafiya suka maƙale kwanaki, a Agustan shekarar kuma zaftarewar ƙasa ta kashe mutane a Shimla. Ni Oktoba nake ba kowa shawara: sama garau, hanya a bushe, cunkoso ya ragu.

Akwai kuma rashin sanin halin kowane gari. Shimla babban birnin jiha ne, Turawan Ingila suka mai da ita mazaunin gwamnatinsu ta Indiya na lokacin zafi a 1864, abin yi a cikinta yawo ne a ƙafa a titin Mall da kallon tsofaffin gine-gine. Manali zango ce ta fita: kwarin Solang, hawan dutse, shiga kwale-kwalen roba a Beas. Mai son zama ya huta ya je Manali zai ga kowa ya watse da safe ya bar shi.

Sauran ƙanana ne. Mota ba ta shiga titin Mall, don haka ka tambayi otal ɗin Shimla ko mota na kaiwa ƙofarsa, in ba haka ba kai da akwati ne a kan matakala. Tikitin ƙaramin jirgi a saye shi makonni kafin tafiya. A tudun Jakhu da ke Shimla ka cire tabarau ka sa a aljihu, birai na fizgewa. Takalmi mai santsi a bar shi a gida, rigar sanyi kuwa a ɗauka ko a Yuni ne, domin dare kan yi sanyi.