Darasi Na Bakwai: Yadda Ake Zaɓen Kansiloli Da Magajin Gari

Iyayena da 'yan'uwana, barkanku da zuwa. A karanta wannan darasi a hankali, layi bayan layi. Wanda ya tsaya a wata kalma ya ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne, dukanmu daga nan muka fara.

Abu na farko, kuma da yawa ba su san shi ba: a ƙasarmu Kamaru ba ku ne kuke zaɓen magajin gari kai tsaye ba, wato mer. Ku kansiloli kuke zaɓa. Su kansilolin ne suke zama daga baya su fitar da mer a cikinsu. Garin da mutanensa ba su kai 50,000 ba, kansiloli 25 gare shi. Daga 50,000 zuwa 100,000 kuwa, 31 ne. Wa'adinsu shekara 5. Kowace jam'iyya tana jera sunayen mutanenta a takarda ɗaya, to wannan takardar ce ƙuri'arku. Ba a cire suna a ciki, ba a ƙara suna.

Kafin ranar zaɓe

Sai wanda ya cika shekara 20 yake zaɓe. Ka je ofishin ELECAM, wato hukumar zaɓe, da katinka na ɗan ƙasa a rubuta sunanka. Ana buɗe rajista daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, amma da zarar an sanar da ranar zaɓe sai a rufe. Kada ka ce sai bayan damina. In katin zaɓe ya fito, ka koma ka karɓa, ka sa a nuna maka sunan wurin da za ka jefa ƙuri'a, yana rubuce a jikin katin. Inna, ki sa shi a leda ki ajiye a adaka, ban da ɗaurewa a bakin zane.

Ranar zaɓe

Ana buɗewa ƙarfe 8 na safe, a rufe ƙarfe 6 na yamma. Ka nuna katinka, a duba sunanka. A kan tebur za ka ga takardu, kowace jam'iyya da tata, da launinta da alamarta. Ka ɗauki ɗaya daga kowace, duka, har da waɗanda ba ka so, don kada a gane inda zuciyarka take. Ka ɗauki ambulan, ka shiga bayan labule kai kaɗai.

To, a nan nake so ku ba ni kunnuwanku duka biyu.

Takarda ɗaya kawai ake sawa a cikin ambulan. Ɗaya. Sauran ka zuba su a buhun da aka rataye a wurin.

Mu sake. Takardu nawa ne a hannunka? A ce 3. Nawa za su shiga ambulan? Ɗaya. Nawa za su shiga buhu? Biyu. In jam'iyyu 4 ne, ɗaya a ambulan, 3 a buhu. Lissafin ba ya canjawa.

A gwajin da muka yi a aji da kwalin sabulu, wata dattijuwa ta ninke takardu uku tsaf, ta shafe su da tafin hannu, ta tura su duka. Na tambaye ta dalili, ta ce ɗan ƙanenta yana cikin ɗaya, maƙwabcinta yana cikin ɗaya, ba ta son kowa ya ji haushinta. Na ce, Hajiya, zuciyarki fara ce, amma in aka buɗe ambulan aka ga takardu daban-daban, ƙuri'ar ta lalace. Ɗan ƙanenki bai samu ba, maƙwabcinki bai samu ba, tsayuwarki a rana ta tashi a banza. Ta sake gwadawa, ta yi daidai. Ku ma za ku iya.

Kada ka yi rubutu a kan takardar. Na san wanda ya koyi rubuta sunansa bana hannunsa yana ƙaiƙayi, ni ma ina murna da ku, amma ba nan ba ne wurinsa. Kada ka dangwala mata yatsa, kada ka jefa ambulan babu komai. Takarda ɗaya, mai tsabta.

Kuma ku maza, da ku nake. Sau nawa zan faɗa? Duk gwajin da muka yi sai na ga wani ya cusa ragowar takardun a aljihun riga, wai zai nuna wa wani ya tabbatar masa. Wa ya aike ka? Labulen nan don mutuncinka aka rataye shi. Wanda ya ba ka sabulu ko jaka ɗaya ba ya da hakkin leƙa ambulan ɗinka. Kuna ji ina magana kuna hira a baya, ranar kuma ku ce malam bai faɗa ba. Ga shi na faɗa, na kuma rubuta: ɗaya a ambulan, saura a buhu.

Daga nan ka fito, ka jefa ambulan da hannunka a akwatin da ake ganin cikinsa, ka dangwala yatsa a gaban sunanka, a shafa maka tawada. In an haɗa da zaɓen 'yan majalisa, kamar na 9 ga Fabrairu 2020, sau biyu za ka yi, kowane da akwatinsa. Nan ma takarda ɗaya-ɗaya.

Raba kujeru

Jam'iyyar da ta samu fiye da rabin ƙuri'u ta kwashe kujeru duka. In babu wadda ta kai, wadda ta fi yawan ƙuri'u ta ɗauki rabi, a raba sauran gwargwadon ƙuri'u. Wadda ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, ba ta da rabo.

Zaɓen mer

Kansiloli su taru, mafi tsufa a cikinsu ya jagoranci zaman, su zaɓi mer da mataimakansa a asirce. Ƙaramin gari mataimaka 2 ne.

Aikin gida

Ka yanka takarda gida 3, ka gwada sau 5 da ambulan. Ka rubuta: ƙuri'a, akwati, kansila.