Yadda za ka tantance na'urar karanta ƙwaƙwalwa kafin ka zuba kuɗinka

Ɗan kasuwar Damagaram da ke yin odar kaya ta intanet yana iya cin karo da wata na'ura da ake ɗaurawa a goshi, wadda masu tallarta ke cewa tana auna natsuwa, tana gyara barci, har ma tana ƙara wa ɗalibi kaifin karatu. Mai ƙaramin kamfani kuma yana iya samun tayin wanda zai gwada masa tallarsa a kan ƙwaƙwalwar masu saye. Kafin a biya ko dala, akwai tambayoyin da ya kamata a yi.

Ka fara da tambayar abin da na'urar ke aunawa. Kusan duk waɗanda ake sayar wa jama'a suna aiki ne da EEG, wato ɗaukar ɗan ƙaramin lantarkin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke fitarwa, dabarar da likitan Jamus Hans Berger ya fara gwadawa a kan ɗan Adam a 1924. Lantarkin nan yana da rauni ƙwarai, kuma sai ya ratsa ƙashin kai da fata kafin ya iso ga na'urar. Lamarin kamar mutum ne ya tsaya bayan katangar kasuwa yana sauraro: zai gane ko ta cika ko ta fara watsewa, amma ba zai ji cinikin da ake yi a kowace rumfa ba. A asibiti ana manna maɗauka, wato ƙananan ƙarafan da ke ɗaukar lantarkin, kusan ashirin a fatar kai tare da wani mai da ke taimaka wa lantarkin ya wuce, alhali na'urar Muse, ta wani kamfanin Kanada, tana da huɗu, MindWave ta NeuroSky kuwa ɗaya tak. Saboda haka ka nemi sanin adadinsu da wuraren da suke zama a kai.

Idan na'urar ta zo hannunka, ka gwada ta da kanka. Ka ɗaura ta, ka buɗe manhajarta a salula, sannan ka cije haƙora ko ka ƙifta ido da ƙarfi, za ka ga layin da ke nuna lantarkin ya yi tsalle, domin lantarkin tsokar fuska ya fi na ƙwaƙwalwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Gumi ma yana ɓata awon, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Kitso da gashi mai kauri suna hana maɗaukan taɓa fata. In makin natsuwa da manhajar ke nunawa yana hawa da sauka bisa motsin muƙamuƙinka, to muƙamuƙin ake aunawa.

Batun talla ya fi buƙatar lura, don a nan ne kuɗi masu yawa ke tafiya. A 2004 masanin ƙwaƙwalwa Read Montague da abokan aikinsa a Houston ta Amurka sun ba mutum 67 Coca-Cola da Pepsi suna cikin injin fMRI, wanda ke bin sauyin iskar oksijin a jinin ƙwaƙwalwa. Da aka ɓoye sunan lemon, zaɓin ya rabu kusan daidai. Da aka nuna sunan Coca-Cola, sai mutane suka fi karkata gare shi, sassan da ke da alaƙa da tunawa kuma suka motsa. Irin wannan bincike ya jawo hankalin manyan kamfanoni, har Nielsen, kamfanin binciken kasuwa, ya sayi NeuroFocus, mai gwada talla a kan ƙwaƙwalwa, a 2011. Sai dai a 2009 wasu masu bincike sun sa mataccen kifi a cikin irin wannan injin, suka nuna cewa in ba a tace lissafin da kyau ba, hoton zai nuna kamar ƙwaƙwalwar kifin tana aiki. Don haka duk wanda ya kawo maka hoto mai launuka, ka tambaye shi mutum nawa ya gwada, su waye, kuma ko sakamakon ya taɓa dacewa da cinikin da aka yi daga baya. Gwajin da aka yi wa ɗaliban Turai ba ya gaya maka abin da uwargida a unguwar Birni ko Zango a Damagaram za ta saya.

A ganina, mai sayar da kilishi ko garin kunu ba ya buƙatar wannan duka. Ya yi leda iri biyu, kaya ɗaya, farashi ɗaya, ya jera su a kasuwar Dole ranar Alhamis, ya ƙirga wadda ta fi fita, mako na gaba kuma ya sauya musu wuri a kan teburin don kada matsayi ya ruɗe shi.

Sai maganar bayanai, wadda mutane suka fi yin sakaci da ita. Yawancin manhajojin suna tura abin da suka ɗauka zuwa rumbun kamfani a ƙasar waje. A 2023 kotun ƙolin Chile ta umarci kamfanin Emotiv, mai ƙera irin waɗannan na'urori, da ya goge bayanan ƙwaƙwalwar tsohon sanata Guido Girardi, shekara biyu bayan ƙasar ta sa kariyar irin waɗannan bayanai a kundin tsarin mulkinta. Kafin ka buɗe asusu, ka karanta sharuɗɗan ka ga ko suna ba da damar sayar da bayananka ga wasu, ko akwai hanyar gogewa, kuma ko na'urar tana aiki ba tare da intanet ba. Kada ka ɗaura wa ma'aikacinka ko mai sayen kayanka ba tare da ya fahimta ya kuma yarda ba. A Nijar an kafa hukumar HAPDP don kula da kare bayanan mutane da karɓar ƙorafi.

Wanda zai saro na'urorin don sayarwa, ya faɗa wa mai saye a fili cewa ba kayan asibiti ba ne. Mai fama da farfaɗiya, ko ciwon kai mai tsanani, ko yawan suma, likita ne zai rubuta masa gwajin EEG na asibiti ya kuma fassara sakamakon.