Kafin ka ɗaura tirelar kwana a bayan motarka a Amurka

Sau uku ke nan a bana wani sabon zuwa yana kira na da murna, wai ya tsinci tirelar kwana da araha a intanet, irin mai gado da ɗan kicin da bayi a ciki. Ban ga laifin sha'awar ba. Mutanenmu na Girinsboro, birnin da ke jihar Arewacin Karolina, sun yi abin a yaba, waɗanda suka sauka da jaka ɗaya yau suna da gidaje da shaguna, kuma babu laifi mutum ya kwashi iyalinsa lokacin hutun makaranta su tafi tsaunuka da tukunyarsu da abincinsu na halal. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yaro bai cika shekara a ƙasar ba, sai ya gama biyan kuɗi sannan ya zo neman shawara.

Ƙanena, takarda ita ce farko. A nan tirela tana da takardar mallaka tata, wadda suke kira taitul, da lambarta daban da ta mota. Ni na saya babu ita. Mai sayarwar ya rubuta mini rasit a fallen takarda, ya ce taitul ɗin na wajen ɗan'uwansa, zai aiko cikin mako. Na yarda, saboda a gida haka muka saba, a tafa a ce Allah ya sa albarka, ciniki ya faɗa. Mako ya koma wata, ya daina ɗaukar waya. Da na je ofishin rajista aka ce babu lamba sai da taitul, babu hawa titi sai da lamba. Wata takwas tirelar nan tana zaune ina kallonta, kuma da ƙyar wani dattijo cikinmu ya taimaka aka gano ainihin mai sunan da ke kan takardar. To ka ji: sunan da ke taitul ya zama na mutumin da ke tsaye gabanka, ka duba da katin shaidarsa. Lambar jikin tirela, haruffa da alƙaluma 17, ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya ka gwada da ta takarda. Idan ka ga sunan banki a kai, akwai bashi, kada ka ba da ko sisi sai ka ga shaidar an biya. A Arewacin Karolina kuma sa hannun mai sayarwa ba ya aiki sai an yi shi gaban notari, jami'i mai hatimi da ke tabbatar da sa hannu, don haka ku tafi tare, can za ka miƙa kuɗin. Ka kuma kira kamfanin inshorarka ka tambaye su ƙarara abin da suka ɗauka idan tirela na bayanka.

Sai mai gida. Ana cikin waccan wahala aka manna mini takarda a ƙofa cewa yarjejeniyar haya ta hana ajiye tirela a filin motoci, in janye ta ko a janye mini. Ban taɓa karanta wannan shafin ba. Dole na kama wurin ajiya ina biya duk wata. Ko gidanka ne na kanka, wasu unguwanni suna da ƙungiyar masu gidaje mai irin wannan doka.

Batun nauyi ba a yin sa da ido. Akwai takarda manne a ƙofar direba da littafin mota, akwai wata a jikin tirela, su za su gaya maka iyakarka. Kaya masu nauyi, buhun shinkafa da jarkokin ruwa, su zauna gaba da tayoyi, ta yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin zai sauka a kan maɗaurin da ke haɗa tirela da mota. Idan ka loda baya, tirela za ta fara rawa a babban titi. In ta fara, kada ka danna birki da ƙarfi, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari sosai. Ƙwallon maɗauri iri-iri ne, inci 2 daban, inci 2 da 5/16 daban, girman yana rubuce a jiki. Sarƙoƙi biyu na tsaro da ke tsakanin tirela da mota a gicciye su ta ƙasan maɗauri. A sa yaro ya tsaya baya ya ga fitilar birki da sigina suna kamawa. Jihohi da yawa suna tilasta birkin tirela idan nauyi ya kai fam 3,000, wato kusan kilo 1,360.

Tayar tirela ba ta cika suɗewa ba, tsufa take yi a tsaye, rana ta tsattsaga ta. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a gefenta su ne mako da shekarar da aka yi ta, kuma in ta haura shekara biyar ni canzawa nake yi ko da zanenta na nan. Boris kuwa, wanda ke cikin cibiyar taya, a ba shi giris sau ɗaya a shekara. Duk inda kuka tsaya shan mai, kai hannu kusa da cibiyar taya, in ta yi zafin da ba ya taɓuwa a nemi makaniki.

Sanyi shi ne abin da ba mu taso da shi ba. Kafin ƙanƙara a zubar da ruwan tanki da bututu duka, a zuba maganin daskarewa mai ruwan hoda na tirela, ba na injin mota ba, wannan guba ne. A leƙa rufi a toshe duk inda ya tsage. Kada a kwana ciki sai na'urar gano hayaƙi da ta iskar gas suna aiki.

Masu zuwa gaishe da dangi a Buronks da ke birnin Niyok, ku tsara hanya tun daga gida. Hanyoyin ƙarƙashin ruwa na Baltimo, birnin da ke kan hanya, sun hana manyan tukwanen gas irin na tirela, titunan da ake kira fakwe a Niyok kuma an hana tirela hawansu, gadojinsu ma gajeru ne. Taswirar waya ba ta san kana jan komai ba, don haka ka auna tsayin tirelarka daga ƙasa har saman na'urar sanyaya ɗaki, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari.