Ɗaukar hoton kifin ado a tankin gilashi

Masu kiwon kifin ado, ku kashe filasha da fitilar ɗaki, ku bar ta tankin kawai, gilashi ne ke dawo da hasken ya ɓata hoto.

Ku manna bakin kyamara jikin gilashin sosai, kar ku karkata, in kun karkata sai ya fito dishi-dishi.

Saurin shota (tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗewa) ku sa 1/250 na sakan, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 800 zuwa 1600, don kifi ba ya tsayawa. Ni da can 1/60 nake sawa, wutsiyar kullum kamar hayaƙi wallahi.

In akwai murjani ku kashe famfon da ke juya ruwan tankin na minti biyar ruwan ya lafa, amma fa kar a manta a kunna.

Tanki mai zagaye kam dabarar manna kyamarar ba ta ci, haka in kifin ya matso dab da gilashi.