Yadda Ɗalibin Zanen Kwamfuta Zai Fara Cin Abinci da Sana'arsa

A makaranta malami ne ke duba aikinka, ya ba ka maki, a wuce wurin. A kasuwa kuwa mai duba aikin mutum ne da ya cire kuɗi daga aljihunsa, kuma injin ɗab'i ne alƙali na ƙarshe. Ɗaliban da ke fitowa daga sashen zane, na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne ko na kwalejojin fasaha, sun iya haɗa launi da tsara shafi. Inda suke tuntuɓe wuri biyu ne: shirya fayil da yin ciniki.

Matakin farko, ka shiga maɗaba'a tun kana ɗalibi. Idan lokacin SIWES ya zo, shirin nan na koyon aiki da hukumar ITF ke kula da shi, kada ka nemi ofis mai sanyi inda za ka wuni kana latsa waya. Nemi shagon da ake buga katin ɗaurin aure, kalanda, fosta da bana, ko da aike za ka fara da shi. A nan za ka gane abin da ya sa shuɗin da ke ƙyalli a kwamfutarka ya fito a dushe a takarda: allon kwamfuta da haske yake aiki, wato RGB, inji kuma da tawada huɗu, wato CMYK. Za ka koyi cewa hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, sai ka ce a sake turowa a matsayin fayil. Aikin takarda yana son hoto mai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, amma ƙatuwar banar da ake hange daga bakin titi ba ta buƙatar haka. Za ka saba barin rarar milimita 3 a kowane gefe, domin wuƙar yanka ba kullum take faɗawa kan layi ba. Kuma duk son da kake wa manhajojin zane na Photoshop da Illustrator, ka koyi manhajar CorelDRAW. Shi ne yaren da galibin masu inji ke ji, daga Kano har Shomolu ta Legas.

Akwai matsalar da ta fi shafar mu masu rubuta Hausa. Salon haruffa da yawa, musamman masu kwalliyar nan da ake so a katin biki, ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Ko dai su fito da ɗan akwati, ko mai zane ya gaji ya bar su ba ƙugiya, sai ka ga "masu masaukin baƙi" sun koma "masu masaukin baki". Gwada haruffan nan uku kafin ka fara aiki. Noto Sans na Google da Andika suna da su. Idan ka gama, ka mayar da rubutun ya zama zane kafin ka kai maɗaba'a, don kwamfutar can ba lalle tana da salon da ka yi amfani da shi ba. A CorelDRAW, Ctrl+Q ne. Amma ka ajiye kwafin da ake iya gyarawa, don wani zai tuna an manta sunan kawun amarya.

Na biyu, kundin ayyukanka. Ayyuka takwas masu kyau sun fi arba'in da aka tara don cika ido, kuma aikin aji ba ya jan kwastoma kamar aikin gaske. Akwai mai zoɓo, mai yaji ko mai turaren wuta a unguwarku da ke sayar da kaya a roba ba ko suna. Yi mata tambari da sitika, a buga, a manna, ka ɗauki hoton robar a hannu. Wannan hoton ka ɗora a Instagram da Behance, shafin da masu zane ke baje ayyukansu, tare da layi biyu na bayanin abin da aka nema da yadda ka yi shi.

Sai ciniki, inda kunya ke cutar sababbi. Kafin ka taɓa kwamfuta, a yi magana a rubuce, ko a WhatsApp ne: me za a yi, girman nawa, yaushe za a karɓa, nawa ne kuɗin, gyara sau nawa ya shiga ciki. Ni dai sau biyu nake ganin ya isa, na uku da kuɗinsa. Karɓi rabi kafin alƙalami. Samfurin da za ka tura ya zama ƙarami, da sunanka a kwance a kansa. Cikakken fayil sai an cika kuɗi. Aikin fostar siyasa kuwa, a biya duka tukuna, don bayan zaɓe wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya, wanda ya ci kuma ba ya ganuwa. Kafin a buga komai, mai aikin ya karanta sunaye, ranaku da lambobin waya da idonsa, ya rubuto maka cewa ya amince. Kati dubu da kuskuren rana guda, in babu wannan shaidar, kai za ka biya.

Za ka haɗu da mai cewa ai ɗansa ma yana yi da Canva, manhajar nan mai saukaƙa zane. Kada ka yi musu. Nuna masa aikinka da aka buga, ka faɗi farashinka, in bai yi masa ba ku rabu lafiya.

Idan aiki ya fara zama, yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ka buɗe asusun banki da sunan, domin makarantu da kamfanoni sun fi sakin jiki da rasit mai suna. Kowane fayil ka ajiye shi wuri biyu, a kwamfuta da Google Drive, da sunan mai shi da shekara. Sannan ka riƙa duba kalanda: kafin azumi ya kama, tuntuɓi waɗanda ka yi wa aiki bara, tela da mai atamfa da mai kayan shafa, ka tambaye su ko za a sabunta tallar Sallah.