Kafin ka jona caja ko ƙarin fitila a mashin ɗinka

Salam 'yan uwa, masu jona cajar waya da fitilar LED kai tsaye a kan batir don Allah ku daina, ni haka na yi, na kwana biyu ban hau ba na tarar batir ya mutu murus, ashe cajar tana shan wuta ko da mashin a kashe.

Ka sayi ƙaramin akwatin fiyus da rile na volt 12, wato makunni mai aiki da wuta da ke da ƙafafu masu lamba. Fara cire baƙar wayar batir tukuna. Daga jan kan batir ka ja waya mai kauri, ka sa babban fiyus na amp 15 dab da batir, ka kai ta lamba 30 ta rilen, 87 ta wuce zuwa akwatin fiyus ɗin, 85 a jikin ƙarfen mashin, ita kuma 86 ka haɗa ta da wayar da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli. Ka cire makulli komai ya mutu.

A akwatin za ka jona caja da fitila: caja fiyus na amp 3 ya ishe ta, fitila na amp 5. Fiyus ya ƙone kar ka ɗaura masa zaren waya ko takardar sigari, waya ce za ta narke a ƙarƙashin sit ɗinka.