Yadda ake shirya bidiyo mai maimaita kansa don ranar nuni

Yawancin sababbin ɗalibai a sashen fasahar bidiyo da sauti suna tace aikinsu kamar fim: farko, tsakiya, ƙarshe, sannan jerin sunaye. A zauren nuni kuwa babu mai zama ya jira farko. Mutum zai shigo a minti na uku, ya ɗan tsaya, ya wuce. Saboda haka aikin ya zama duk inda aka riske shi zai riƙe mai kallo, kuma ya riƙa zagayowa ba tare da an gane inda ya ƙare ba.

Tun wajen ɗauka ka daidaita kyamara da wutar lantarkin wurin. Inda wuta take 50 Hz, sa firam 25 (wato hotuna 25) a daƙiƙa da shota (tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗe wa kowane hoto) 1/50 na daƙiƙa. Inda take 60 Hz, firam 30 da 1/60. In ka saɓa, hasken fitilu zai riƙa ƙyaftawa a hoton, gyaransa daga baya kuma wahala ce. Sauti a 48 kHz. Kafin a tashi, a yi tsit na minti ɗaya ka naɗi sautin ɗakin shi kaɗai, zai yi maka rana.

Mahaɗar ƙarshe da farko ita ce inda aiki ke lalacewa. Kada ka rufe da baƙin allo, mai kallo zai ɗauka an gama ya juya. Kada kuma firam na ƙarshe ya zama kwafin na farko, domin hoton zai yi ɗan turjiya a kowane zagaye, ido kuma yana kama wannan. Ga dabarar da ta fi: bayan ka gama tacewa, yanka aikin gida biyu a tsakiyar wani shot (ɗauka guda da ba a yanke ba), ka ɗauko rabin baya ka kawo gaba. Yanzu ƙarshe da farko sun haɗu a tsakiyar layin tacewa na manhajarka, inda za ka narkar da ɗaya cikin ɗaya a tsanake. Bakin fayil ɗin biyu kuwa dama daga shot ɗaya suka fito, za su haɗe da kansu. Shimfiɗa sautin ɗakin nan a ƙarƙashin mahaɗar don kada a ji "ƙas". Tsarin matse sauti na AAC yakan ƙara ɗan shiru a bakin fayil. In na'urar da za ka kunna bidiyon da ita tana karɓar PCM, wato sautin da ba a matse ba, shi za ka zaɓa.

Fitar da kwafi biyu a tsarin fayil ɗin bidiyo daban-daban: ProRes na ajiya, H.264 a 1920×1080 na kunnawa. Kada ka kunna da kwamfutarka, za ta yi barci ko saƙo ya faɗo a kan bango. Ari BrightSign, wato na'urar kunna bidiyo a wuraren nuni, a ma'ajiyar kayan makaranta, in babu, Raspberry Pi, wato wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ya wadatar kuma ya fi araha.

Gwaji sai a ainihin ɗakin, ka bar shi yana zagayawa aƙalla awa ɗaya. Majigi ba ya fitar da baƙi, in haske na shigowa duk duhun hotonka zai koma toka-toka, don haka toshe tagogi. Bango tsirara yana sa amsa-kuwwa. In aikin wani na kusa, sa abin sauraro na kunne. Rubuta matakan kunnawa da kashewa a takarda, ka manna a bayan na'urar saboda mai buɗe zauren da safe.